Ranar da na faɗi sunanta

Ɗiyar fari ce, shi ya sa ko a nan ba za ku ji sunanta daga bakina ba. Mu a Damagaram haka muka taso muka tarar. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Shekara 11 ina ce mata "ke", in kuma zan yi zancenta da wani sai in ce "yarinyar nan". Sau ɗaya tak na buɗe baki na faɗi sunan nan cikakke, har da na ubanta, kuma a gaban alƙalai ne.

Ƙosai da kunu nake sayarwa a ƙofar gida. Wake daga kasuwar Dole nake auno shi, tiya biyar, tiya shida, gwargwadon abin da ke hannu. Maigidana direban babbar mota ne a hanyar Tanut zuwa Agadas, in ya fita sai ya yi sati biyu ba mu gan shi ba. Da aka kawo ni unguwar ina amarya ban san kowa ba, wata dattijuwa da katanga ɗaya ta raba mu ita ta ɗauke ni ɗiyar ɗaki. Hajiya nake ce mata. Ita ta koya mini gane waken da ƙwari suka shiga tun yana cikin buhu, ita ta dafa mini ruwan wanka a haihuwata ta biyu da ta uku, ita ke riƙe mana kuɗin adashe. Autanta, magidanci mai mata da yara biyu, yana da ɗan kanti a zauren gidansu, da firigo da yake yin ƙanƙara in akwai kuran. Yaya yake ce mini. In ya ga yarana ya miƙa musu alewa, ni kuwa in ce Allah ya yi albarka.

Wanda ya san Zinder a watan Afrilu ya san zafi, ya san neman ruwa. Famfo sai ya ga dama, yawanci tsakar dare, yara kullum suna hanya da bido. Wata Talata da la'asar na miƙa mata dala ashirin na ce ta sayo mini ƙanƙara wurin ɗan Hajiya. Ni na aike ta. Wannan maganar na juya ta a zuciyata ya fi a ƙirga. Ta daɗe har na fara mita, da ta shigo kuwa ƙanƙarar ta zama ruwa a leda, sai na rufe ta da faɗa, na ce wasa ta tsaya. Ba ta ce uffan ba. Ta ajiye ledar a bakin murhu ta shige ɗaki.

Abin da ya yi mata ba zan faɗa ba. Yana rubuce a takardar likita da ta alƙali, ya isa.

Daren nan ba ta ci tuwo ba. Washegari ta ƙi zuwa lekol, na ɗauka zazzaɓi ne, na sayo mata ƙwaya wurin mai tebur. Ranar Alhamis da safe ƙanwar maigidana ta biyo, malamar lekol ce, gwaggon yara nake ce mata. Ta shiga ɗakin gaishe da marar lafiya, sai na ji shiru ya yi yawa. Da ta fito idonta jawur. Ta ce, "Matar Yaya, sauke kaskon nan, ɗauko mayafinki."

Ba ni ta gaya wa ba. Kwana biyu muna kwana a ɗaki ɗaya, numfashinta a kunnena, amma sai da gwaggonta ta zo. Na daɗe ina jin ciwon wannan kafin in yarda cewa ni na koya mata. Yarinyar da uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ta ina za ta fara irin wannan zance da ita? Ba kunyar nake zagi ba, da ita aka raine ni, kuma akwai daɗinta. Amma ranar na ga kuɗinta.

Na ce mu jira Malam maigidana ya dawo. Gwaggon yara ta ce Yaya yana iya jira, likita ba ya jira. Ta tambaye ni kayan da yarinyar ta sa ranar Talata, ko na wanke. Ban wanke ba. Kwana uku ke nan famfo bai kawo ba, kayan suna nan jibge a kwando bayan ƙofa. Rashin ruwan da nake tsine wa kullum shi ya ajiye mana shaida. Ta ɗaure su a leda, muka tare kabu-kabu biyu.

A komisariya akwai sashen da ke kula da yara da mata. Suka rubuta bayani, suka ba mu takarda zuwa wurin likita, don likitan da 'yan sanda suka nema da takarda shi ke rubuta shaidar da za ta shiga fayil ɗin shari'a. Wata ma'aikaciyar jinya ta ƙirga awoyi da yatsunta, ta ce mun yi sa'a. Maganin da ke kare mutum daga cutar sida bayan irin wannan abu sai an fara shi cikin awa 72, kwana uku ke nan, in ya wuce ba ya aiki. Kwana 28 yarinyar ta yi tana shan ƙwayoyin nan, tana tashin zuciya, ina dama mata kunun tsamiya don ya zauna mata a ciki. Da na bi ra'ayina na jira Malam, da mun makara.

A daren suka zo suka tafi da shi. Ya ce sharri ne, ya rantse da abin da zai kashe shi. Kafin gari ya waye unguwa ta rabu, kuma mafi yawa ba wajenmu suke ba. Aka ce yarinyar ce mai rawar kai. Aka ce bashin adashe ne ya haɗa ni da Hajiya na ƙulla wa ɗanta. Aka ce malamar lekol ce ta kitsa, 'yan boko ba su san rufin asiri ba. Ƙosaina da ba ya kai hantsi sai ga shi yana kwana. Malam ya dawo ranar Asabar, an riga an faɗa masa a salula tun yana Tanut. Ya shigo bai yi sallama ba, ya nufi inda yake ajiye wuƙar layya, sai da yayyensa biyu suka danne shi a tsakar gida.

Daga hannun 'yan sanda aka kai mutumin gaban alƙali mai shigar da ƙara, shi kuma ya miƙa maganar ga alƙalin bincike, don babban laifi ba a kai shi zauren shari'a sai an yi wannan binciken. Aka tura shi gidan kaso. Wata uku yana musu. A wata na ukun alƙalin binciken ya haɗa su a ofishinsa, shi da yarinyar, ni ina zaune a gefe, gwiwoyina suna kaɗawa. Alƙalin ya tambaye ta a hankali abin da ke cikin ƙuryar kantin. Ta ce akwai buhunan gawayi biyu, akwai shuɗin bokiti mai tsage a bayan firigo, akwai tabarma a naɗe da aka ɗaure da tsumman atamfa. Mutumin da ya rantse cewa ba ta taɓa wuce bakin kanta ba. Ya sunkuyar da kai ya daɗe, sannan ya ce, "Gaskiya ta faɗa."

Ba zan ɓoye ba, kalmomin nan uku sun fi mini duk abin da ya biyo baya. Wata uku ana ce wa ɗiyata maƙaryaciya, har yaran da suke ɗiban ruwa tare. Na ga kafaɗunta sun sauka. A hanyar gida ta ce tana jin yunwa, rabon da in ji ta nemi abinci da bakinta tun watan Afrilu.

Na ɗauka wahala ta ƙare. Ashe sabuwa ce za ta fara, don bakunan da suka ce ƙarya ne su suka dawo da sabon zance: "Ai ya amsa laifinsa." Tun da ya amsa, me kuma ake nema? Wanda ya ce na yi, ai ya gama magana. Namiji ne ma, da wani ne da har kabari yana musu. Amsa laifin nan sai ya zama kamar wata riga da aka sa masa, mu kuma da muka ƙi janyewa muka zama marasa imani. Dattawan unguwa suka zo zaure wurin Malam har sau huɗu. Suka ce maƙwabtaka ta wuce wasa, suka ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, suka ce a bar kaza cikin gashinta don yarinya mace ce, gobe za a zo neman aurenta. Suka kawo jika 300 a ambulan, wai kuɗin magani. Wani a cikinsu, mai furfura har a gira, ya ce in an yi haƙuri ta ƙara girma sai a ɗaura musu aure, asiri ya rufu. Ina bayan ƙyaure ina ji. A duk zaman nan huɗu ba wanda ya tambayi ko yarinyar tana barci da dare.

Amma zuwan dattawa bai karya ni kamar zuwan Hajiya ba. Bayan isha'i ta shigo, ita kaɗai, ba takalmi. Tana riƙe da kwanon samira mai murfi, wanda take zuba mini dambu duk Juma'a tun ina amarya, na san shi har inda fentin ya ɓare a gefen hannu. Ta ajiye shi, ta durƙusa a gabana. Matar da ta haifi sa'ar uwata. Ta kama ƙafata ta ce, "Ɗiyata, ban zo in ce bai yi ba. Ya yi, Allah ya isa tsakanina da shi. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki dube ni, ki dubi 'ya'yansa." Na ce, "Hajiya, don girman Allah ki tashi." Ta ce ba za ta tashi ba sai na ce na yafe. Muka yi ta kuka mu biyu, dambun yana hucewa. Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Da ta fita ta bar kwanon. Har yau yana wurina, na rasa ta yadda zan mayar.

Da safe na tafi wurin wani tsohon malami da ya karantar da mahaifina, can cikin Birni, bayan fadar sarki. Na faɗa masa duka, na ce ina tsoron kada Allah ya kama ni da ƙin yafiya, tun da mutumin ya tuba. Ya ce, "Ke aka yi wa?" Na ce a'a, Malam, ɗiyata. Ya ce to mene ne nawa na yafewa a ciki? Tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa ce, Allah yana yafe haƙƙinsa ga wanda ya so, amma haƙƙin wani sai mai shi. Mai haƙƙin nan kuwa yarinya ce da ba ta kai ta sayar da akuyarta da kanta ba, balle a ce ta yafe abu irin wannan don manya sun taru a kanta. Ya ce iƙirari a shari'a hujja ce a kan mai yin sa, ba a taɓa mayar da shi biyan bashi ba. Na fito ina jin kamar an sauke mini tulu daga ka.

Malam maigidana kuwa matsin ya fi ƙarfinsa. Mutumin da ya ɗauki wuƙa, shi ne bayan wata biyar ya saci jiki ya tafi gidan shari'a ya ce ya zo janye ƙara. Bai gaya mini ba sai da ya dawo. Aka ce masa ƙarar ba tasa ba ce. Laifi irin wannan al'umma aka yi wa, alƙali mai shigar da ƙara shi ke bin sa da sunan ƙasa, ko iyaye sun janye shari'a ba ta tsayawa. Abin da yake da iko a kai diyya ce kawai, in ya so ya ce ba ya nema. Ya zauna a bakin gado yana ba ni labari, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Wallahi daɗi na ji." Yanzu yana da abin faɗa wa dattawa: ba a hannuna take ba. Na yi fushi da shi kwana biyu, daga baya na gane dokar nan an yi ta ne saboda irinsa, mutanen kirki da ke jin kunyar ido.

Gwaggon yara ce ta kai mu ofishin ANAJJ, hukumar da aka kafa a 2011 don taimaka wa marasa ƙarfi a shari'a. Yaron da aka zalunta yana cikin waɗanda ake taimaka wa ba da kuɗinsu ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da yawancin lauyoyinta suke Yamai, kusan kilomita 900 daga nan. A can aka zaunar da ni aka warware mini da Hausa. Kundin hukunta laifuka na Nijar da ake aiki da shi a lokacin tun 1961 yake, aka yi masa babban gyara a 2003. Aya ta 283 ta faɗi abin da ake kira fyaɗe. Aya ta 284 ta ce hukuncinsa ɗaurin shekara 10 zuwa 20, in kuwa wanda aka yi wa bai kai shekara 13 ba, 15 zuwa 30. Sai mutumin ya tambaye ni, "Tana da takardar haihuwa?"

Tana da ita. A gidan likita na haife ta, Malam ya bi ya karɓo takardar, na naɗe ta a leda na sa a ƙasan kwalla tare da 'yan kunnen aurena. Ban taɓa ɗaukarta da wani muhimmanci ba in ba ranar sa ta lekol ba. Ashe tsakanin shekara 12 da 13 akwai shekarun ɗauri masu yawa, kuma yarinyar da ba ta da takarda sai a tsaya gardamar shekarunta, wannan ya ce ta kai, wancan ya ce dubi tsawonta. Tamu ba gardama. Ya kuma gaya mini wani abin da ban sani ba, cewa wani lokaci akan sauke irin wannan laifi daga babba zuwa ƙarami, a kira shi cin zarafin mutunci, don a yi saurin yanke shi, amma hukuncinsa ba ya kai shekara 10. Ya ce hanyar babbar shari'a doguwa ce, in shirya.

Doguwa ce kuwa. Wata 22. Ba abin faɗa a ciki sai jira da kuɗin kabu-kabu. Muka tashi daga unguwar muka kama haya a wani gefen gari, na sake neman masu sayen ƙosai daga farko. Yarinyar ta yi shekara guda ba lekol, sannan gwaggonta ta sa ta a tasu.

Ni a tunanina tun da ya amsa, ranar shari'a karanta hukunci kawai za a yi mu tashi. Ba haka ba ne. A tsarin da muka gada daga Faransa, amsa laifi shaida ce guda a cikin shaidu, alƙalai su ke auna ta. An ce mini mutum yana iya amsa abin da bai yi ba don ya sha duka, ko don ya rufa wa wani asiri, shi ya sa sai sun bi diddigi da kansu. Da aka kira shari'armu shugaban alƙalan ya ce a fitar da jama'a a rufe ƙofa saboda yarinya ce. 'Yan unguwar da suka cika benci suka fita suna waige. Hajiya ba ta zo ba.

Aka shigo da shi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Alƙalai suna sama da baƙaƙen riguna, ana magana da Faransanci, tafinta yana juya mana. Abin da alƙali zai faɗa mai tsawo, tafinta ya dunƙule shi a jimla biyu, ni kuwa ina ta kallon bakin gwaggon yara ko zan karanci sauran a fuskarta. Da na ji a 2025 an ce Hausa ce harshen ƙasa, zaman nan na fara tunawa. Shugaban ya tambaye shi ko ya yarda da abin da ake tuhumarsa. Ya ce ya yarda. Duk da haka sai da ya sa shi ya faɗi ranar, da lokacin, da abin da ya ce wa yarinyar don ta yi shiru, yana gwadawa da abin da ke cikin takardu. A nan na ji cewa ya ce mata in ta faɗa, uwarta za ta kashe ta da duka. Da ni ya tsorata ta. Kuma ta yarda, don ta shigo na rufe ta da faɗa a kan ƙanƙara.

Sai aka kira ni. Na tsaya a gaban ƙarfen nan, tafinta ya ce in faɗi sunana, na faɗa. Ya ce mece ce tsakanina da yarinyar, na ce ɗiyata ce. Ya ce, "Sunanta?" Na yi shiru. Na ce ai yana cikin takarda. Tafintan Bahaushe ne, ya gane, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baiwar Allah, alƙali daga bakinki yake son ji." Na waiga. Tana zaune kusa da gwaggonta, ta sa hijabin lekol, tana kallona. Harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Na faɗa. Muryata ba ta fita ba, aka ce in ƙara. Na ɗaga murya na faɗi sunanta da na ubanta, har ya amsa a cikin zauren.

Ita ba su tsare ta da tambaya ba. Shugaban ya ce tun da wanda ake tuhuma bai musa ba, ba sai an sa ta maimaita komai ba. Ya tambaye ta ko tana zuwa lekol, aji nawa take, ko akwai abin da take son faɗa. Ta ce babu.

Alƙali mai shigar da ƙara ya miƙe ya ce a tuna mutumin nan wata uku ya yi yana rantsuwa, ya bar yarinya da sunan maƙaryaciya, bai amsa ba sai da bokiti da tabarma suka kama shi. Ya ce amana ya ci, don yarinyar ta shiga kantin ne kamar gidansu. Ya nemi shekara 20. Wanda aka ba shi ya kare shi, don a babban laifi ba a yi wa mutum shari'a ba mai kare shi, ya ce bai taɓa shiga hannun hukuma ba, yana da tsohuwa da mata da ƙananan yara, kuma ya amsa laifinsa, ya hutar da kotu, ya hutar da yarinyar. Ya roƙi sassauci. Magana ta ƙarshe ta wanda ake tuhuma ce, haka dokar take. Ya juyo wajena ya ce, "Yaya, ki yafe mini." Ni ya kalla. Ko a nan ma bai kalle ta ba.

Suka shiga ciki suka daɗe, har aka kira la'asar a masallacin da ke kusa. Da suka fito aka ce mu miƙe. A cikin Faransancin na tsinci lambar kafin tafinta ya juya, don ƙidayar kuɗi ta koya mini: 15. Shekara 15, da diyyar miliyan 1 ga yarinyar. Watannin da ya yi a tsare suna cikin lissafi. Aka ce yana da 'yan kwanaki in yana son ɗaukaka ƙara, kotun ɗaukaka ƙarar ma a nan Zinder take. Bai ɗaukaka ba.

Sha biyar ita ce mafi ƙanƙantar abin da ayar ta faɗa. A ranar raina ya ɓaci, na ce wato kalma uku sun saya masa shekara 5. Malam ya ce ko 30 aka ba shi ba za ta mayar da ranar Talatar nan ba. Gwaggon yara kuma ta ce in tuna yadda aka sallami yarinyar da tambaya uku, in kwatanta da a ce yana musu, mai kare shi ya tsaya yana juya ta a gaban maza, ina kika tsaya, me ya sa ba ki yi ihu ba, me ya sa sai bayan kwana biyu. Na auna wannan na ga in don ita aka rage masa, na yarda. In don ya cancanta ne, har gobe ban yarda ba. Diyyar kuwa ko dala ba mu gani ba. Kantin ya rufe, firigon matarsa ta sayar ta koma gidansu da yaran, kuma ni ba zan je in tsaya a kan Hajiya ina neman kuɗi ba.

Hajiya ta rasu bara da damina. Na je gaisuwa, na zauna a bakin ƙofa, wasu suka amsa mini, wasu suka kau da kai. Na yi mata addu'a da zuciya ɗaya.

Ranar hukuncin da muka fito, Malam ya tsaya sallama da mutanen ofishin da suka taimake mu, gwaggon yara ta wuce lekol ɗaukar jakarta. Muka taho ni da ita a ƙasa, don kuɗin kabu-kabu ɗaya ya rage kuma na ce a bar shi na cefane. Tana tafe tana lissafi da yatsu, ta ce in ya fito tana da shekara 26. Na ce haka ne. Ta ce lokacin ta gama karatu. Na ce in Allah ya so. Muka yi tafiya mai nisa ba wanda ya ƙara magana, rana ta yi sanyi, duwatsun Birni sun yi ja. Muna shiga lungunmu sai ta ɗan matso, ta ce, "Inna, ashe kin san sunana?"

Na kalle ta, sai na ga dariya take dannewa. Rabon da ta tsokane ni har na manta. Na ce ta rufe mini baki, marar kunya. Daga cikin gida ƙanenta ya ƙwala ihu cewa ruwa ya zo, ta cire hijabin ta miƙa mini, ta ruga ɗauko bido.